Baƙuwa mai zane ta zo ajinmu, littattafan kuma suna cikin kabad

Malamar Aji Uku:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar Talata na yi alkawarin ba ku labarin baƙuwar da muka yi, makin jarrabawa ya riƙe ni sai yau. Ku yi haƙuri, rubutun zai yi tsawo.

Matar tana rubuta littattafan yara, kuma ita ce ke zana hotunan da hannunta. Iyayenta mutanen Kabi ne, amma a Kaduna ta tashi. Mun share aji, mun aro benci daga aji shida, hedimasta har da babbar riga. Ni duk zatona jawabi za a yi irin na manyan baƙi, yara su tafa, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Sai ga ta da jakar bakko, ta ce a ture teburin gefe, ta zauna a kan tabarma cikin yaran.

Ba littafin ta fara fitowa da shi ba. Tambaya ta yi: wa ke yin littafi? Wata ta ce inji. Wani ya ce gwamnati. Wata 'yar ƙarama ta ce daga Makka ake kawowa. Sai ta zazzage jakar, takardu suka watsu, duk zanen akuya ne, guda goma sha huɗu. Ta farko kamar kare, wata ƙafafunta kamar na tebur, wata an goge wuyanta har takardar ta huje. Yara suka yi ta dariya har da masu kwanciya. Ta ce ta goma sha huɗun ce kawai ta shiga littafi, sauran duk asara ce, kuma ita ta yi su, babba da ita.

Labarin na wata yarinya ce da ruwa ya tafi da goran babanta, ta bi shi gaɓa gaɓa ita da akuyarta. Da ta buɗe shafi sai ta sa tafin hannu ta rufe rubutun, ta ce su gaya mata abin da ke faruwa. Akwai wani yaro a ajina, shekara guda kenan ban ji muryarsa ba sai wajen amsa suna, ko baƙi biyu ba ya iya haɗawa. Wallahi shi ya kwashe labarin shafi uku a tsaye. Da aka zo shafin masunta masu riƙe da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, sai ya ce mata, "Ba haka a ka riƙon homa ba." Na zaro masa ido. Ita kuwa ta miƙa masa fensir ta ce ya nuna mata. Ya zana mutum da homa biyu, kowane hannu ɗaya, ƙirjinsa a kan gora. Ta ninke takardar ta sa a jakarta, ta ce in an sake bugawa za ta gyara.

To ga abin da ya kawo ni. Ta bar mana kwafi shida. Tana fita aka kai su ofis aka kulle a kabad. Yau kwana huɗu yaran suna tambayata ina littafin akuya. Me kuke gani?

Baban Biyu:
Wa alaikumus salam. Malama, ɗiyata na cikin ajin nan, ta hana mu sakat da akuya. Amma ni zan faɗi gaskiya ko ba daɗi. Ajin da rufinsa ke yoyo, yara sun fi saba'in, rabi a ƙasa, shi ne za a kawo wa mai zanen akuya? Da kuɗin motar da ta kashe daga Kaduna ta sayo alli da littattafan rubutu ya fi mana amfani. Biki ne na yini ɗaya, kamar wasan sallah.

Malamar Aji Uku:
Baban Biyu, ba kwabon makaranta ko ɗaya da aka kashe. Kuma alli muna da shi. Abin karantawa ne babu.

Baban Biyu:
To ai shi na ce. Yanzu ma babu, tunda yana kabad.

Tsohon Hedimasta:
Ɗiyata Malama, kada ki ga laifin hedimastanki da yawa. Na yi wannan kujera shekaru, na san abin da ke ransa. Duk abin da ya shigo makaranta sai an rubuta shi a rajistar kaya. Ran da masu duba makarantu suka zo, lissafi za su yi: shida aka rubuta, ina shida? Ba wanda zai tambaye shi yara nawa suka karanta. In ɗaya ya yage, shi za a tuhuma. To mutum ya koyi cewa littafin da ba a taɓa ba shi ne littafin da ba ya jawo magana.

Amma bari in ba ki labarin kaina don kada ki ce ina kare shi. Akwai kwalayen littattafai da aka taɓa kawo mana, masu kala, masu kyau. Na adana su a ƙasan kabad ina jiran a gina mana ɗakin karatu. Damina biyu. Ran da na buɗe, gara ta gama da su daga ƙasa, sai murfin sama ya rage yana ƙyalli kamar ba abin da ya faru. Na ɗaga na farko ya zube a hannuna kamar garin tuwo. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Malamar Aji Uku:
Baba, da za ka kira shi ka ba shi wannan labarin da bakinka da na gode. Ni in na faɗa zai ce rashin kunya ne.

Alaramma:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, na ga kowa ya tsallake abin da ya fi girma. An tara 'ya'yan Musulmi an koya musu zana abu mai rai, mutum da dabba. Hadisan da suka zo a kan masu yin sura ba ɓoyayyu ba ne, suna cikin Buhari da Muslim, kuma gargaɗin mai tsanani ne. Wa ya tambayi iyayen yaran kafin a yi? Ni ba na ƙin ado. Ɗalibina in ya sauke, da hannuna nake yi masa zayyanar allo, ja da kore da ruwan ɗorawa, kwana uku ina kanta. Amma ba za ka ga ido ko ƙafa a ciki ba.

Malamin Arabiyya:
Allah gafarta Malam, hadisan nan haka suke, ba mai musu. Sai dai malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun rarrabe. Abin da suka ce haramun ne shi ne sura mai jiki, wadda ke da inuwa, cikakkiyar halitta, irin gunki. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa ba su kai shi haramun ba, iyakarsa karhanci ko barin abin da ya fi. Ko a Risala da muke karantawa a zaure, bayan ya ambaci karhancin surori sai ya fitar da zanen jikin tufa, ya ce dai barinsa ya fi. Sannan ga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cikin Buhari. A ruwayar Abu Dawuda har da doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta. Daga nan malamai suka yi sauƙi a kan abin yara.

Alaramma:
Malam, ka ce da bakinka barinsa ya fi. Ni a nan na tsaya. Kuma akwai malaman da ba su yarda da wannan rarrabewar ba, kai ma ka sani.

Malamin Arabiyya:
Na sani, Allah gafarta. Saɓani ne, shi ya sa ban ce kowa ya bi ni ba. Amma maganarka ta a sanar da iyaye, wannan na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Malamar Aji Uku:
Alaramma, wannan kuskurenmu ne, na karɓa. Amma ka san wani abu? Da aka ba su takarda, ba wanda aka ce lalle ya zana mai rai. Wasu kwalekwale suka yi, wasu rumbu, wata ta cika shafinta da zanen lalle. Akwai wani almajirinka da ke zuwa mana da safe, shi ya yi wa shafinsa iyaka da irin ƙullin zayyanar nan, baƙuwar ta daɗe tana kallo, ta tambaye shi wa ya koya masa.

Alaramma:
Na san ko wane ne. Hannunsa na da kyau, tawada ce yake ɓarnatarwa.

Ɗan Su:
Ni dai abin da yat taɓa ni, yaron da yag gyara mata homa. Allah shi yi mai albarka. Mu da munka tashi bakin gulbi mun gaji da ganin an zana masunci da ƙugiya da sanda zaune bisa dutse awa Bature. Wa ka su hakanan nan? Ka zo gulbin Matan Fada na Argungu ran gasar kamun kihi ka gani, mutum dubbai sun faɗa ruwa lokaci guda, kowa da gora da homa biyu, ana neman giwan ruwa. Tun 1934 a ka wannan biki, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Amma ɗiyanmu ba su taɓa ganin gora cikin littahin makaranta ba sai wanga karo. Tambayata guda: ɗiya mace ta sa ta bi gora? Ran gasa dai maza ka shiga ruwa.

Malamar Aji Uku:
Kawu, ba gasa ta shiga ba, gaɓa take bi. Kuma 'yan matan ajin sun fi kowa murna da hakan.

Ɗan Su:
To madalla. In ta dawo a kawo ta in nuna mata yadda a ka ɗaure bakin gora.

Maman Ummi:
Ni dariya ta kama ni da Ummi ta dawo tana cewa baƙuwar ba ta iya Hausa ba, wai "kifi" take cewa maimakon "kihi". Na ce mata haka ake rubutawa a littafi. Ta ce to littafin ne bai iya ba.

Malamar Aji Uku:
Maman Ummi, wannan ya faru a gabana. Ta karanta "suka tafi", yara suka amsa mata da "sunka tahi", kamar masu gyara wa ƙaramin yaro. Ba ta ji haushi ba. Ta ce musu Hausar littafi an gina ta ne galibi a kan ta Kano, amma tasu ba kuskure ba ce, kuma in sun yi nasu littafin su sa mutanen ciki su yi magana yadda ake yi a gida. Ni wannan ya ɗan dame ni, don a jarrabawa daidaitacciyar Hausa ake so, ni ce kuma zan sha faman gyara.

'Yar Zuru:
Ku kuna rigimar kifi da kihi, mu fa? Yarana a gida C'lela, harshen Dakarkari, suke ji, Hausa a kasuwa da makaranta suka tsince ta, Turanci kuma sai a allo. Kebbi ba Hausa kaɗai ba ce. Ga Dakarkari, ga Kambari wajen Yauri, ga Zabarmawa da Dandawa wajen Kamba, ga Fulani ko'ina. Shi ya sa abin da ya burge ni a labarin Malama shi ne rufe rubutun da ta yi da hannu. Hoton akuya ba ya bukatar tafinta. Da za a samu irin littafin da hoto ne zalla, kowace uwa ta ba da labarin da harshenta, da ni na fara saye. A yi mana ɗaya a kan bikinmu na Uhola mana.

Tsohon Hedimasta:
Maganarki gaskiya ce ɗiyata. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa a shekarun farko na firamare. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka ce a kai shi har aji shida. A 2025 kuma aka ce an janye, a koma Turanci. Duk wannan kai da kawowa a takarda ake yinta. Ni abin da na gani da idona, ko lokacin da dokar ke nan, malami ba shi da abin da zai miƙa wa yaro ya karanta da harshen nasa in an gama a, ba, ca. Ka koya wa yaro iyo ka hana shi gulbi.

Baban Biyu:
To Baba, in abin na da amfani haka, me ya sa ta kawo shida kacal? Yara saba'in, littafi shida.

Mai Ɗab'i a Birnin Kebbi:
Yaya, bari in amsa wannan, don sana'ata ce. Littafin yara mai kala ya fi kowane littafi cin kuɗi. Kowane hoto da kake gani, kala huɗu ake bugawa ɗaya bisa ɗaya: shuɗi, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi. Kowace kala da farantinta, kuma kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi ɗari za ka buga ko dubu goma. Shi ya sa wanda ya buga kaɗan, kowane kwafi yake fito masa da tsada. Takardar kuma mai kauri ake so don kada hoton baya ya leƙo, ita ma daga waje ake shigo da ita, in dala ta motsa sai ta motsa. Yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, ba don marubucin ya ga dama ba, sai don babbar takarda ake bugawa a ninke, shafuka su fito takwas takwas ko sha shida sha shida. Aiki mai kyau sosai sai an kai Kaduna ko Shomolu a Legas, wasu har Indiya ko Sin suke aikawa. In da kuɗinta ta buga, shidan nan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Ga kuma wata masifa da ba a faɗa: haruffa masu lanƙwasa. Kyawawan salon rubutun da masu zane ke so a kwamfuta, da yawansu babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ka tura aiki, ya fito da ɗan akwati a wurin harafin, ko mai injin ya mayar maka da ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. A littafin manya mai karatu zai gane. Yaron da ke koyon haɗa baƙi fa?

Malamar Aji Uku:
Nata da hannu ta rubuta kalmomin, manya manya, lanƙwasar ƙ ɗin kamar ƙugiya. Yanzu na gane dalili.

Baban Biyu:
Na ji. Amma har yanzu ban ga abin da ya rage a hannun yaro ba bayan ta hau mota.

Malamar Aji Uku:
Na manta ban faɗi wannan ba, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Ta raba musu farar takarda ɗaya ɗaya. A ninka biyu, a sake ninkawa, a sake, in an buɗe ta zama gida takwas. Sai a ninka ta biyu a tsaga tsakiya daga bakin ninkin zuwa rabi, a buɗe, a ninka ta tsawo, a tura gefe da gefe su haɗu. Sai ga ɗan littafi mai shafi takwas, ba zare ba gam. Rabin ajin sun tsaga har ƙarshe sun ɓata, aka yi ta kuka, takarda ta ƙare, sai da na yago tsakiyar littafin darasina. Amma kowa ya tafi gida da nasa. Ka duba jakar ɗiyarka.

Baban Biyu:
Na duba. Akwai wani abu a ninke, na ɗauka shara ce. Ta zana ni a kan babur, ta yi mini ciki kamar randa. A ƙasa ta rubuta "baba yatai kasuwa".

Maman Ummi:
Hahaha! To ai ba ta yi ƙarya ba, Baban Biyu.

Baban Biyu:
Hajiya, ki bar ni da abin da ya dame ni. Ban dai canza magana a kan rufin aji ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, an yi nisa. Tambayar Malama ba a amsa ba: littafi shida, kabad a kulle.

Tsohon Hedimasta:
Ga shawarata. Kada a ce masa ya saki duka, ba zai yi ba. A bar masa biyu a kabad don masu lissafi su gani. Huɗu a sa musu rigar leda mai kauri, a ɗinke bayan da zaren buhu, Malama ta sa hannu a rajista cewa suna wurinta. In sun yage, sunanta ne a rubuce, ba nasa ba. Zan kira shi bayan la'asar, ɗalibina ne.

Mai Ɗab'i a Birnin Kebbi:
A aiko su da motar Argungu, ni zan sa ledar kyauta. Amma kada a like da salatif, yana cin kala in zafi ya yi.

Alaramma:
In za a ba su, a gaya wa iyaye tukuna. Wanda bai so ba kada a tilasta wa ɗansa.

Malamar Aji Uku:
Na yarda, Allah gafarta. Ranar Litinin akwai taron iyaye, zan kai littafin kowa ya gani da idonsa. Baba, na yarda in sa hannu, amma huɗun nan na san ba za su kai ƙarshen zango ba, yara saba'in ne.

Tsohon Hedimasta:
Su yage a hannun yara. Nawa gara ta ci.

Ɗan Su:
Malama, yaron nan na homa, ɗan wane gida ne? Ina da tsohon gora da ya tsage, in ana so a aje a aji.

Malamar Aji Uku:
Kawu, ba zan faɗi gidansu a zaure ba, zan kira ka. Goran kuwa a kawo, amma a wanke shi tukuna, ajin ba taga.